Duk Ci, Tunkiya

Tumaki ne suka koya mini ƙwallon ƙafa. Kafin su, ba abin da na tsana kamarta, domin ita ce take sace mini ƙanena kullum da la'asar, daidai lokacin da nake neman mai ɗebo mini ruwa. Innarmu ta rasu yana ƙarami, ni na goya shi, ni na yi masa wanka, don haka ina ganin ina da ikon bin sa da kara har tsakiyar fili. Na kuwa bi shi ba sau ɗaya ba. Auta muke ce masa, har yau da ya tara gemu.

Filin ma ba fili ba ne, gona ce. Tana bayan ƙauyenmu ta hanyar Ƙarfi, ta wani dattijo ce Bamaguje da yake iyaka da Babanmu tun kafin a haife ni. Dawa yake shukawa da damina. Da zarar ya kwashe amfaninsa ya ɗaure kara, sai ya kau da kai, yaran gari su kafa sanduna biyu nan, biyu can. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, bai taɓa korar kowa ba. Sai dai kunyoyin gonar suna nan daram, ba mai baje su sai tafin ƙafa, kuma kafin su gama kwanciya ruwa ya sauka, tsoho ya sake ta da su. A kansu Auta ya koyi ɗaga ƙwallo sama, tunda ba ta gangara a ƙasa. A kansu kuma ya karye a idon sawu wata shekara. Baba ya ɗora shi a keke zuwa wurin maɗori, yana faɗa tun daga ƙofar gida har suka dawo.

Babanmu manomi ne na gaske. In ya yi huɗa da shanunsa sai ka rantse zare aka ja, har masu wucewa kan tsaya su duba. A wurinsa sana'a ita ce abin da ake zubawa a rumbu. Ranar da wani kulob na wani babban birni a Kudu ya ɗauki Auta, gari ya ɗauka kamar ranar Sallah, amma Baba cewa ya yi, “To, Allah shi tsare. Kan mi za a biya shi, gudu?”

Ni dai aurena bai fitar da ni daga ƙauyen ba, katanga ce tsakanina da gidanmu, saboda haka ni Auta yake kira. Labaran da yake ba ni kuwa sai in riƙe haɓa. Ya ce ranar da aka biya kuɗin sa hannu, sansaninsu kan koma kasuwa. Wannan ya kira dillalin mota, wancan ya sayi waya ta uku alhali kunnuwansa biyu ne, wani takalma yake tarawa kamar zai buɗe shago, wani kuma duk mako sai an yi masa sabon aski da zane a kai. Bai ce mugaye ba ne. Ya ce mutum ne ya taso ba takalmi, yau an ce ga kuɗi, gobe kuma bai san ko gwiwarsa za ta kai shi baɗi ba, to me zai jira? Kuma abin da ya rage waya ce take cinye shi. Kana fitowa daga fili saƙo ya cika ta, ɗan'uwa, abokin ɗan'uwa, wanda kuka taɓa zama aji ɗaya, kowa da larurarsa, kuma duk gaskiya suke faɗa.

Wata rana ya ce mini, “Yaya, albashi na gida ne, wannan ba magana. Amma akwai alawus da ake ba mu duk wasan da muka ci. Shi ne mai ƙona aljihu. Duk ranar da na turo miki, ki sa a sayo tunkiya.”

Na ce, “Tunkiya kuma? Ba banki a garin naku?”

Ya yi dariya ya ce, “Kuɗin banki ana tura shi ta waya, Yaya. Tunkiya fa?”

Na ga yaron nan da hankali, duk da ban faɗa masa ba. Muka yi ƙa'ida, duk ci tunkiya, in sun yi canjaras a gidan wasu alawus ɗin rabi ne, sai akuya. In an cinye su kuwa, ko dusa sai dai in saya daga lalitata.

Da farko a bayan ɗakina nake ɗaure su. Mijina yakan sayo a kasuwar Malumfashi, ya rungumo ta a babur tana kuka yana kuka da tsadar mai. Kafin a jima turaku suka ƙare, tsakar gida ta zama garke, ba inda za ka taka. Sai na koma ga abin da iyayenmu suke yi, na fara ba da kiwo. A wajenmu in ka ba mace tunkiya kiwo, haihuwar fari taka ce, ta biyu tata. Na fara da zawarawa da tsofaffi, sannan sauran matan unguwa suka shiga layi. Nan fa abu ya canza, domin kowace mace ta gane cewa tunkiyarta tana cikin ƙafar Auta.

Wayyo, ranakun wasa! Tun azahar ake sauke tukunya. Kafin la'asar tsakar gidana ta cika, an shimfiɗa tabarmi, an jingina rediyo ko waya a bakin turmi. Matan da ba su taɓa ganin raga da idonsu ba suka san wane kulob ne mai wuyar ci a gidansa, suka san alƙalin wasa mugu ne tun kafin ya hura usur. Akwai wata gwaggonmu da kunnenta ya yi nauyi, ita tambayarta ɗaya ce, “Tunkiya ko akuya?” In mai sharhi ya ja murya ya ce ta shiga, sai guɗa ta tashi har tumakin su tsinke igiya. Ni kuwa, da na fi kowa zagin ƙwallo, an ce ranar da Auta ya ci da ka na yi tsalle na kifar da ƙullun koko. Ban musa ba, kokon nawa ne.

Can sansani kuma suna suka sa masa, Alhaji Tunkiya. Wayarsa fuskarta a fashe, takalminsa na fita ƙwaya ɗaya, in an tafi shan daɗi shi yana ɗaki yana tambayata wadda ta haihu. Wanda ya fi kowa tsokanarsa golansu ne, abokin ɗakinsa, ɗan wani ɗan kasuwa daga Kudu amma haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi mota gare shi ja, da sarƙa a wuya. Yakan fizge wayar ya ce mini, “Yaya, ƙanen nan naki ko ruwan leda ba ya saya mana. Ki ce masa ba a shiga Aljanna da rago sai na Layya.” In ce masa, “Kai dai ka kama ƙwallo, akwai mata uku a layi.”

Sai da Auta ya zo hutu wata damina ya faɗa mini abin da yake tara wa. Muna tsaye a bakin gonar tsohon nan, dawa ta kai gwiwa, ya nuna ta da haɓa ya ce, “Ita nake so, Yaya. In saye ta, kada a sake shuka komai a cikinta. Fili, rani da damina.”

Na ce, “Ka faɗa wa Baba?”

Ya ce, “Ke dai ki yi shiru tukuna.”

Na yi shirun, amma raina bai kwanta ba. Na san ƙasarmu. A nan mutum zai iya yafe maka mota, ya yafe maka sarƙa, ya ce ƙuruciya ce. Amma ka sayi gona mai kyau ka bar ta haka nan, ciyawa tana fitowa kana kallo, wannan ba shi da suna sai hauka. Kuma gonar ɗa, muddin uba na raye, hannun uba take. In Baba ya ce a huɗe ta, an huɗe ta.

Shekarar da ta biyo, tsohon ya turo a kira ni. Ƙarfinsa ya ƙare, ’ya’yansa sun koma gari, suna so a sayar. Wani Alhaji mai sayen hatsi har ya zo ya auna ta da ƙafa, sito yake so ya gina na ajiye masara. Tsohon yana zaune a gindin ɗorawa ya ce mini, “Ɗiyata, na ji ƙanenki na son wurin ga. Ni na fi son in riƙa jin ihun yara da in ji ƙarar mota. Amma ɗiyana ma suna da haƙƙi. Na san raguna sai Layya suke kuɗi. Za ni jira ku har bayan Sallah, in ba ku iya ba, kada ku ga laifina.”

Ba laifinsa da za a gani. Na dawo gida na tara mata na faɗa musu cewa ranar da aka yi kiwo dominta ta zo. Duk ragon da yake rabon Auta a turke shi, a ba shi dusa da harawa da kowar wake har ya ƙi. Matan nan suka ɗaura ɗamara. Akwai wadda take wanke nata da sabulun wankanta. Kowa ta san gona za a saya, amma ni kaɗai na san abin da za a yi da ita.

Magana ba ta kwana a ƙauye, ta kai kunnen Baba. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ya shigo gidana ba ko sallama sosai, fuska kamar an yi masa albishir da Makka, ya ce, “Ashe yaron ga na da kai! Gona! Kuma wagga gona!” Abin nema ya samu. Ya fara lissafin irin masarar da zai zuba, ya ware mafi kyawun zangarkun da ya rataye, ya kai garmarsa wurin maƙeri. Abin da ya fi ba ni tausayi, ranar wasa sai ga shi ya zo ya zauna a zaure, wai iska yake sha, alhali kunnensa na tsakar gida. Duk sanda ya yi murmushi sai in kau da kai.

Ana saura kwanaki Sallah aka kwashi raguna zuwa kasuwa, mota guda, mata na bin su da addu'a har bakin hanya. Sun yi kuɗi, amma da aka haɗa sai aka ga da sauran tafiya kaɗan. Tumaki masu haihuwa kuwa Auta ya ce ko kusa kada a taɓa su, don akwai rabon masu kiwo a cikinsu. Abin da ya rage mana shi ne wasan ƙarshe na kakar. An yi musu alkawarin alawus mai tsoka in suka ci, domin cin zai ɗaga su a teburin gasa.

Ranar tsakar gidana ba masaka tsinke. Har maza suka cika zaure. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, na sha ruwa ya fi moɗa uku ban san na sha ba. Da aka dawo, Auta ya ɗaga wata ƙwallo sama irin ta kan kunyoyi, ta tsallake masu tsaron baya, ɗan wasan gaban su Auta ya sa mata kai. Ta shiga! Guɗa, ihu, wata ta yar da goyo saura kaɗan. Ba mu gama murna ba, ana dab da tashi, sai mai sharhi ya ce an ba abokan hamayya fenareti. Wallahi na zagi alƙalin nan zagin da sai da na yi istigfari daga baya. Wuri ya yi tsit, ko tunkiya ba ta yi kuka ba. Sai muka ji mai sharhi yana ihu har muryarsa na fashewa, gola ya kama! Ɗan Funtua mai jar mota ya kama! Gwaggo tana jan zanena tana cewa, “Tunkiya ko akuya?” Na rungume ta na ce, “Gona, Gwaggo, gona!” Daga zaure kuwa na ji muryar Baba ta fi ta kowa, yana ta kabbara.

Bayan Sallah suka iso tare, Auta da golan, a jar motar da ta sha taɓo har gilashi. Ashe golan ya haɗa nasa alawus ɗin a kai, wai a rubuta masa tunkiya ɗaya a lahira. Aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, tsohon ya sa hannu, aka yi addu'a kowa da irin tasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da muka koma gida Auta ya durƙusa gaban Baba ya faɗa masa komai, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa.

Baba ya ce, “Ban ji ba. Sake faɗi.”

Auta ya sake.

“Gona ba shuka? Shekara da shekaru kana hana cikinka, kana hana jikinka, mata na wahala da dabbobi, don ka sayi ƙasa ka ba ciyawa? Da mota ka saya, da na ce yaro ne. Wanga kuwa mi za ni ce ma mutane?” Ya juyo ya dube ni. “Ke ma kin sani?”

Na ce, “Na sani, Baba.”

Ya tashi ya shige ɗaki. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ba ni haushi. Yaro ɗaya, a sansani marowaci, a gida almubazzari, to ina zai sa kansa? Golan ya so ya sa baki, na ce ya rufa wa kansa asiri, wannan ba fenareti ba ce. Kwanaki suka wuce Baba ba ya amsa wa Auta sai gaisuwa. Ga ruwa ya zauna, kowa na huɗa, ƙasa ta yi laushi, gonar na kwance da tsofaffin kunyoyinta na bara tana jiran hukunci.

Wata safiya ina shara na ji ƙarar karkiya. Na leƙa, sai ga Baba ya fito da shanunsa, garma a kafaɗar mijina da ya sa ya ɗauko masa, sun nufi hanyar Ƙarfi. Na yar da tsintsiya na ruga na ta da Auta. Muka bi su a guje, golan na biye da mu da silifas ƙafa ɗaya. Kafin mu isa mutane sun fara taruwa, tsohon ma an kawo shi ya zauna a gindin ɗorawarsa.

Baba bai dubi kowa ba. Ya ɗaura garma, ya yi bisimilla, ya kafa ta a ƙasa. Na ji Auta ya ja numfashi a gefena, na kama hannunsa kamar yadda nake yi yana ƙarami. Shi ke nan, na ce a raina, tumaki sun tafi, fili ya tafi.

Shanu suka ja. Sai da suka yi nisa na lura da abin da idona ke gani. Ni ’yar manomi ce, na san mai huɗa tsawon kunya yake bi. Baba kuwa a gicciye ya shiga, garmar na sara kunyoyin ɗaya bayan ɗaya tana zubar da su cikin kwari. Ya kai ƙarshe ya juyo, ya sake ratsa su. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ta da kunyoyi, yau rushe su yake yi. Na buɗe baki in yi guɗa, kuka ya riga ta fita.

Da ya gama ratsawa ya kwance garma, ya sa aka gangaro da wani gungumen maɗaci da ashe tun jiya ya sa aka ajiye a bakin gonar. Ya ɗaura wa shanun, suka yi ta jan sa kai da kawowa, ƙasa na kwanciya sumul. Mata suka iso, guɗa ta kaure, golan ya cire riga yana rawa a taɓo da sarƙarsa, tsohon yana dariya har da tari.

Rana ta ɗaga kafin Baba ya tsaya. Auta ya je ya durƙusa a gabansa. Baba ya share gumi da hularsa ya ce, “Kada ka yi mini godiya. Har gobe wauta ce. Amma tunda za a yi ta da sunan gidana, ba a yin ta a karkace.” Ya nuna gefen gonar da sandar kora. “Kewaye kuma nawa ne, dawa za ni zuba layi biyu. Ciyawar ciki tumakinku su ji da ita.”

Sannan ya cire takalmansa ya ajiye. Ya shiga filin da tafin ƙafa, a hankali, yana taka ƙasa yana saurare, in ya ji tushiyar dawa ta bara ta soke shi sai ya duƙa ya tumɓuke ta ya jefar waje. Ya kai wani wuri kusa da inda ake kafa sanduna, ya tsaya ya daɗe yana murza ƙasar da diddige. Na gane wurin, Auta ma ya gane.

Ba tare da ya ɗago ba ya ce, “Nan ne ka karye. Zo ka taka ka ji ko da saura.”